Guzurin Mai Doguwar Tafiya Da Ladubban Ɗaukar Hoto

 

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako shi ne, kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa Nahawu tun yana ƙaramin yaro, ya zo ya yi mini sallama. Allah ya ba shi gurbin karatu a Jami'ar Azhar da ke birnin Alƙahira na ƙasar Masar, zai yi shekara 4. Yana da mata da ɗa guda, mahaifiyarsa kuwa ta manyanta ƙwarai. Da muka gama gaisawa sai ya buɗe jaka ya fito da wata kyamara ta hannu da ya saya, ya ce, "Allah gafarta Malam, ina so in koyi ɗaukar hoto a can, in riƙa ɗaukar masallatai da wuraren tarihi. Shin ya halatta?" Na ce masa, "Zan ba ka amsa, amma bari ni ma in tambaye ka. Wa ka bar wa ɗawainiyar gidanka? Akwai mai binka bashi? Ka rubuta wasiyya?" Ya sunkuyar da kai ya yi shiru.

Bayan ya tafi na zauna ina tunani, sai na ga ashe tambayarsa da tambayoyina igiya ɗaya ce ta ɗaure su, watau haƙƙin bayin Allah. Matafiyi yana iya barin gida da haƙƙin mutane a wuyansa, yana kuma iya komowa da haƙƙin waɗansu mutanen a cikin kyamararsa. Tun da samarinmu da yawa suna fita ƙasashen waje a wannan zamani, kowa kuma da wayar da ke ɗaukar hoto a aljihunsa, na ga ya kamata in shimfiɗa amsar a nan domin kowa ya amfana.

TAFIYA NEMAN ILMI

Da farko dai mu sani, barin gida domin neman ilmi aiki ne na ƙwarai, kuma gadon magabata ne. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi doguwar tafiya har ya gaji domin ya koyi abin da bai sani ba, kamar yadda Suratul Kahfi ta ba mu labari. Sahabi Jabiru ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda cur saboda hadisi ɗaya tak. Ita kanta hanyar Masar ba baƙuwarmu ba ce. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta a Alƙahira domin ɗaliban mazhabar Malikiyya, a masallacin Azhar kuma an taɓa keɓe wa ɗaliban Barno wani sashe. Shehin malamin nan Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa a shekarar 1741. Ibnul Ƙasim, babban almajirin Imamu Malik, mutumin Masar ne, haka nan Shehu Halil mai littafin Muhtasar da ake karantawa a zaurukanmu. Saboda haka mai zuwa Masar karatu mafarin kogin da ya daɗe yana sha ya nufa. Ya dai gyara niyyarsa tun daga gida, ya yi sallar Istihara, ya shawarci na gaba da shi.

ABIN DA ZA A GYARA KAFIN A FITA

An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa waɗansu mutanen Yaman sukan taho aikin Hajji ba guzuri, suna cewa sun dogara ga Allah, in sun iso Makka kuma su shiga roƙon jama'a. A kansu aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka, inda Allah ya yi umarni da a yi guzuri, ya kuma bayyana cewa tsoron Allah shi ne guzurin da ya fi kowanne. To, fasfo da biza da kuɗin jirgi da rigar sanyi duk guzuri ne, amma a yau ba wanda ke mance su. Wanda ake mancewa shi ne guzuri na biyu, ga kuwa yadda yake.

Na farko, yardar iyaye. Wani mutum ya zo wurin Manzon Allah yana neman izinin fita jihadi, Manzo ya tambaye shi ko iyayensa suna da rai, da ya amsa sai ya mai da shi gida ya yi musu hidima. In an mai da mai son jihadi, ina ga mai zuwa neman takardar shaida? Mu duba Ibnu Battuta, wanda duniya ta san shi da tafiye-tafiye. Ya bar garinsu Tanja a 1325 yana saurayi da nufin aikin Hajji, iyayensa duka biyu suna raye. Bai komo ƙasarsu ba sai bayan shekara 24. Labarin rasuwar mahaifinsa a Dimashƙa ya riske shi, bayan an yi shekaru da binne shi, mahaifiyarsa kuwa ta cika 'yan watanni kafin ya iso gida. Ya ga Indiya, ya ga Sin, daga baya ya zo har Mali, amma bai sake ganin fuskar mahaifiyarsa ba. Wanda zai bar tsohuwa a gida ya zauna da ita, ya nemi gafararta, ya karɓi albarkarta kamar wanda ba zai sake ganinta ba, ya kuma san wanda zai tsaya mata a madadinsa.

Na biyu, haƙƙin mata. Ciyar da iyali ba ya faɗuwa don miji ya tafi karatu. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya ji wata mace da dare tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar abin da mace ke iya jurewa, sa'an nan ya yanka wa mayaƙa wa'adin da ba za su wuce ba; waɗansu ruwayoyi sun ce wata 4, waɗansu wata 6. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun ba matar da mijinta ya daɗe ba ya nan har ta cutu damar kai ƙara gaban alƙali, ko da an bar mata abinci, alƙali ya rubuta wa mijin ya zo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sawwaƙe mata. Ashe ke nan shekara 4 ba abin da za a yanke a zaure ba ne sa'an nan a shigo a sanar da ita. A zauna da ita a yi shawara, a san inda za ta zauna, da abin da za ta ci, da lokacin da za a riƙa zuwa hutu.

Na uku, bashi da ajiya. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A daren Hijira, shekarar 622, mutanen Makka suna neman ran Manzon Allah, amma duk da haka sai da ya bar Sayyidina Aliyu a baya domin ya mayar wa mutane kayan da suka ba shi ajiya. Mu kuwa sai mutum ya ranci kuɗin jirgi, ya ci bashin mai kanti, ya riƙe littafin aro, ya sulale ba sallama, mai bin bashi ya riƙa zuwa yana tsayuwa a ƙofar tsohuwa. Wanda zai iya biya ya biya. Wanda ba zai iya ba ya je da ƙafarsa ya nemi a ɗaga masa, a rubuta, a sa shaidu.

Na huɗu, wasiyya. Ya zo a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, daga Ibnu Umar, cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ya rubuta ta ba. Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali, ƙin rubuta ta kuma ba ya tura shi gaba.

ABIN DA ZAI TARAR A CAN

Ɗalibai da yawa sukan rikice a kan sallar ƙasaru. A mazhabarmu ana yin ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, watau wajen kilomita 80, a sallar Azahar da La'asar da Lisha, bayan an wuce gidajen gari. Amma da zarar mutum ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wani wuri, to, ya zama mazauni. Saboda haka ɗalibi yana ƙasaru a kan hanya, ranar da ya sauka a masaukinsa kuwa sai ya cika salla, Juma'a ta hau kansa, azumi ma haka. Kada wani ya shekara yana raka'a 2 yana cewa shi matafiyi ne.

Sai alƙibla. Mu a nan mun saba da cewa gabas ita ce alƙibla, har mukan ce wane yana kallon gabas, muna nufin yana salla. A Alƙahira kuwa alƙibla tana kudu maso gabas. Baƙo ko da ido makaho ne, sai ya tambayi mutanen gari ko ya duba mihirabin masallacin unguwa tun daren farko. Haka nan ganin wata. A gida sanarwar Sarkin Musulmi muke jira, a Masar kuwa ofishin Mufti ne ke sanarwa. Ya ɗauki azumi ya kuma yi Salla tare da mutanen ƙasar da yake ciki, kada ya ware kansa don an bugo masa waya daga gida.

Zai kuma ga saɓanin mazhabobi da idonsa. Imamu Shafi'i a Masar ya rasu a shekarar 820, kabarinsa yana can, mabiyansa kuma suna da yawa. Zai ji liman yana bayyana Basmala, zai ji karatun Hafsu, alhali shi da Warshu ya tashi a makarantar allo. Duk wannan ba ɓata ba ne, hanyoyi ne ingantattu na malaman Sunna. Ya bi liman, ya riƙe bakinsa, ya tambayi dalili cikin ladabi. Wannan ma wani karatu ne da ba a samu a aji.

HUKUNCIN HOTO

Yanzu mu komo ga kyamara. Hadisan da suka tsoratar a kan yin siffar abu mai rai ingantattu ne, ba mai musun su. Abin da malamai suka yi bincike a kai shi ne, wace siffa ake nufi? Malaman Malikiyya sun ce wadda ta haramta ita ce siffar mutum ko dabba mai jiki, mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, kamar gunki. Wadda aka zana a takarda ko bango kuwa, ba ta da inuwa, sun sanya ta a babin karhanci. Siffar abin da ba shi da rai, kamar itace da dutse da kogi da gini, wannan babu laifi a cikinta. Ibnu Abbas da kansa ya ce wa wani mai sana'ar zane, in lalle sai ya yi, to, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai.

Hoton kyamara kuwa sabon abu ne, magabata ba su san shi ba, ko da yake wani malami Musulmi yana cikin waɗanda suka bayyana asalin yadda yake aiki. Shi ne Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A cikin littafinsa Kitabul Manazir ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke shiga ido, ya kuma yi gwaji da hasken da ke ratsa ƙaramar kafa ya faɗa cikin ɗaki mai duhu. Kyamara ita ce wannan ɗakin mai duhu, an ƙanƙanta shi, an sa masa gilashi a bakin kafa, da abin da zai riƙe hasken in ya shigo. A kan wannan Shehu Muhammadu Bahit al-Muɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar, ya rasu a 1935, ya gina fatawarsa cewa hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, kamar abin da mutum ke gani a madubi, mai ɗauka bai ƙagi wata siffa don ya yi koyi da halittar Allah ba, saboda haka ya halatta. Malamai da yawa sun bi shi a kan haka. Waɗansu kuma, kamar Shehu Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya, sun hana hoton abu mai rai sai don lalura, irin hoton fasfo. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kada ɗayansu ya zagi ɗaya.

Abin da na gaya wa ɗalibina shi ne, masallatai da Kogin Nilu da faɗuwar rana ya ɗauka ba tare da wani ɗar ba. Hoton mutane kuma, ni ina tare da masu halattawa, da sharaɗin abin da aka ɗauka da dalilin ɗaukarsa su zama halal. Wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da barin hoton mutane, ya bari, ya kama hanyar tsantseni. Amfanin hoto kuwa a fili yake. Wani hafsan sojan Masar, Muhammadu Sadiƙ Bey, ya ɗauki hoton Madina a 1861, ya ɗauki na Makka a 1880. Albarkacin aikinsa ne yau muke ganin yadda Harami yake kafin a faɗaɗa shi. Tsohuwar da ba ta karatu kuma, in aka nuna mata fuskar ɗanta ta ga yana cikin ƙoshin lafiya, hankalinta ya kwanta, wannan sada zumunci ne.

LADUBBAN MAI KYAMARA

Allah ya gaya mana a aya ta 36 ta Suratul Isra'i cewa ji da gani da zuciya duk za a tambayi bawa a kansu. Kyamara ido ne wanda ba ya mantuwa. Abin da ido ya gani yakan wuce, abin da kyamara ta gani kuwa yana zama, a tura shi wayar wannan, a tura shi wayar wancan, har bayan mai ɗaukarsa ya shiga kabari. Saboda haka duk abin da Shari'a ta hana ido ya kalla, ta hana kyamara, har ma ya fi tsanani.

Kada ka ɗauki mutum sai da izininsa. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini, ta yi umarni da runtse ido, Suratul Hujurati kuma ta hana bin diddigin mutane da yi musu izgili. Matan mutane a kasuwa, da mai barci a masallaci, da mabaraci a bakin titi, kowannensu yana da mutunci. Ka auna da kanka: in wani baƙo ya zo unguwarku ya ɗauki mahaifiyarka tana wanke-wanke ya baza wa duniya, yaya za ka ji? Hoton da ka ɗauka a sace haƙƙi ne, kuma ya fi bashi wuyar biya, domin mai binka bashi ka san gidansa, wannan kuwa ba ka san ko sunansa ba, balle ka nemi gafararsa.

Ka kiyaye dokar ƙasar da ta karɓe ka, domin biza alkawari ce, Musulmi kuwa ba ya saɓa alkawari. A shekarar 2022 hukumomin Masar suka sauƙaƙa ɗaukar hoto a wuraren jama'a ga wanda ba sana'a yake yi ba, amma suka hana ɗaukar yara, suka kuma sa sharaɗin neman yardar babba kafin a ɗauke shi. Wuraren soja da na 'yan sanda kuwa kada ka ko ɗaga kyamara a kusa da su. Hoto ɗaya yana iya jawo wa ɗalibi asarar karatunsa.

Ka tsare niyyarka. Ɗalibi yakan sami damar zuwa Umra daga can, to, kada ya ɗaga hannu gaban Ka'aba kamar mai addu'a alhali jiran mai ɗauka yake yi ya danna. Wannan riya ce tsagwaronta. Kada kuma ya riƙa aiko da hotunan cin daɗi da yawon shaƙatawa alhali matarsa tana auna tsaba da gwangwani, mai bashi kuma yana kallo a wayarsa.

In ka je Giza ka ga dalar Fir'aunoni, ka tuna abin da Manzon Allah ya yi a Hijir, gidajen Samudawa, a kan hanyar Tabuka shekara ta 9 bayan Hijira. Ya hana sahabbai shiga wuraren waɗanda aka halaka sai suna masu kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta wucewa. Ban ce kada ka ɗauki dala ba. Ka ɗauka, amma ka tambayi kanka, ina waɗanda suka sa aka ɗora waɗannan duwatsu? Aya ta 46 ta Suratul Hajji ta kira mutane su yi tafiya cikin ƙasa su yi tunani, ta kuma nuna cewa makantar da ake tsoro ita ce ta zuciya.

Sa'an nan, tun da ka ce koyo za ka yi, to, ka kyautata, gama Allah yana son bawa in ya yi aiki ya inganta shi. Je ka masallacin Ibnu Ɗulun, wanda aka gama a 879, mai hasumiyar nan da matakalarta ke kewaya ta daga waje. Je ka na Sultan Hasan, wanda aka fara a 1356, inda aka yi wa kowace mazhaba daga cikin 4 makarantarta. Ka je da hantsi ko bayan La'asar, lokacin da haske ke zuwa a karkace, inuwa ta fito da rubutun da aka sassaƙa a bango. Rana tsaka takan shafe wannan duka. Ka ba rana baya in kana son abu ya fito sarai. Ka ɗauki wuri guda daga nesa, ka matso kusa, ka durƙusa, ka hau sama, ka gwada har ka gane. Ka riƙe ɗan littafi ka rubuta sunan wurin da wanda ya gina shi da shekararsa, domin wata rana ka nuna wa ɗalibanka. Amma in an kira salla, mai da kyamara cikin jaka ka shiga sahu. Abin kunya ne mutum ya komo da hoton masallaci 100 bai yi raka'a 2 a cikin ko ɗaya ba. Kada kuma ka mance abin da ya kai ka. Karatu aka aike ka, hoto ɗan rakiya ne.

Ya 'yan'uwana Musulmi, ɗalibin nan ya komo wurina ana jibi zai tashi. Ya ce ya biya mai kanti, ya rubuta sauran bashin da shaidu 2, ƙanensa zai riƙa kwana a gidan tsohuwa, matarsa kuma sun yi magana sun daidaita. Ya ce hoton farko da ya ɗauka da kyamarar shi ne na mahaifiyarsa, bayan ya nemi izininta, tana zaune a kan buzunta riƙe da jikanta. Na ce masa ya yi mana addu'a a kan hanya, gama addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya ba su ilmi mai amfani, ya tsare musu iyalansu, ya komo mana da su ba haƙƙin kowa a wuyansu. Mu kuma duka matafiya ne, Allah ya sa mu yi guzuri tun kafin a kira mu. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.